Jirgin Birnin Abuja: Dogo Ya Nufi Yamma, Cunkoso Yana Gabas

Idan aka shimfiɗa taswirar layin dogon cikin birnin Abuja, aka ɗora ta a kan taswirar unguwannin da ma'aikatan gwamnatin tarayya ke kwana, abin da ido zai fara gani shi ne taswirorin biyu ba su daidaita ba. Dogon ya taso daga tsakiyar birni ya nufi yamma, da ya isa Idu sai ya rabu biyu: reshe ɗaya ya gangara filin jirgin sama, ɗayan ya haura Kubwa. Ita kuwa hanyar da ta yi ƙaurin suna wajen shaƙewa kowace safiya, wadda ta taso daga Masaka ta ratsa Mararaba da Nyanya, ta haura tudun Kugbo zuwa mahaɗar AYA, tana can gabas, kuma babu ko taku ɗaya na dogo a gefenta.

Wannan saɓani ne ke warware abin da ke ɗaure wa mutane da dama kai. An kashe sama da dala miliyan 800 a kan jirgin, an ƙaddamar da shi har sau biyu, an kuma yi watanni ana hawansa kyauta, amma duk da haka akasarin masu zuwa aiki a Babban Birnin Tarayya a bakin titi suke tsayuwa suna ɗaga wa motoci hannu.

Inda dogon ya bi

Kashin farko na aikin, wanda shi kaɗai aka kammala, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 45, da tashoshi 12. Layi na farko, mai kimanin kilomita 27, ya fara ne daga babbar tashar da ke tsakiyar birni, ya bi ta tashar da ke daura da filin wasa na Moshood Abiola, sai tashoshi biyu a Kukwaba, sai Wupa, sai Idu, sai Bassanjiwa, ya tuƙe a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Layi na biyu, mai kimanin kilomita 18, ya taso daga Idu ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei da Kagini, ya tsaya a Gbazango da ke Kubwa.

Idu ita ce cibiyar wannan tsari. A nan layukan biyu suka haɗu, a nan kuma suka sadu da jirgin Abuja zuwa Kaduna na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wanda ya fara aiki a watan Yulin 2016, yake kuma tafiyar kilomita 186 zuwa Rigasa. A bisa ƙa'ida, matafiyin da ya sauka daga jirgin sama zai iya hawa jirgin birni zuwa Idu, ya sauya zuwa na Kaduna, ba tare da ya taka kwalta ba.

Sai dai duk wanda ya san Abuja, da ya ji sunayen tashoshin zai lura da waɗanda babu. Babu Wuse, babu Garki, babu Utako da Jabi, babu Gwarinpa. Lugbe, wadda ta cika ta batse a gefen titin filin jirgi, dogon ya kauce mata ya bi ta bayan Idu. Yankunan Kukwaba da Wupa da Bassanjiwa kuwa ba su kama ƙafar waɗancan unguwanni ba wajen yawan jama'a. In aka cire Kubwa da Dei-Dei da Gwagwa, mafi yawan tashoshin an gina su ne a wuraren da ake sa ran birni zai isa nan gaba.

Ƙaddamarwa biyu a shekara shida

An bai wa kamfanin CCECC na ƙasar China kwangilar aikin a 2007, a ƙarshen mulkin Olusegun Obasanjo. Ƙarancin kuɗi ya sa aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, har sai da aka samu rancen dala miliyan 500 daga Bankin Exim na China. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da jirgin ranar 12 ga Yulin 2018, shekara 11 bayan bayar da kwangilar.

Abin da aka buɗe a wancan lokaci ɗan tsakure ne. Tashoshi uku kaɗai ke karɓar fasinja, wato babbar tasha da Idu da filin jirgi, taragai kuma uku ne kacal. Reshen Kubwa, wanda ya fi kusa da gidajen ma'aikata, bai fara jigila ba. Tashoshi da dama ma babu titin da zai kai mutum ƙofarsu. Da annobar korona ta shigo a 2020 aka dakatar da jigilar, dakatarwar da ta ɗauki shekara huɗu. A tsakanin nan ɓarayi suka far wa wayoyi da na'urorin sadarwa na layin, gwamnati kuma tana ɗauke da bashin jirgin da ba ya motsi.

Ministan Babban Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya ɗauki farfaɗo da jirgin a matsayin ɗaya daga cikin ayyukansa na farko bayan kama aiki a watan Agustan 2023. An gyara abin da aka lalata, an gina titunan shiga tashoshi da wuraren ajiye motoci, an kuma fito da jirage 12 masu amfani da man dizal da aka sayo daga China. Ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da jigilar. Ministan ya sanar da hawa kyauta na wata biyu, shugaban ƙasa kuma ya nemi a tsawaita har zuwa ƙarshen shekarar.

Yadda ma'aikata suka koma bayan gari

Kafin a fahimci dalilin da ya sa dogon bai tarar da mutane ba, sai an koma ga yadda birnin ya girma. An kafa Babban Birnin Tarayya da dokar soja ta 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammed, aka kammala babban tsarin birnin a 1979, sannan fadar gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disambar 1991. Masu tsarin sun hango birni mai kimanin mutum miliyan 3 idan ya cika, wanda zai miƙe gida biyu kamar jinjirin wata, kowane ɓangare da kebantacciyar hanyar sufurin jama'a a tsakiyarsa. Nufinsu shi ne unguwanni su jeru a gefen wannan hanya, ma'aikaci ya fito daga gida ya taka zuwa tasha.

An gina manyan tituna, amma hanyar sufurin jama'ar ta tsaya a takarda. Gidaje kuma ba su wadatu ba tun daga farko. Nyanya, wadda aka kafa a matsayin sansanin leburorin da ke gina birnin, ta rikiɗe ta zama gari. Kubwa, wadda aka tanada domin sake tsugunar da 'yan asalin yankin, ta cika da ma'aikatan da aka taso da su daga Legas. Daga 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na gida da mota zuwa kuɗi a cikin albashi, daga bisani ta sayar da gidajen gwamnati. A shekarun ne kuma, lokacin da Nasir El-Rufai ke minista, aka rushe unguwanni da dama da aka gina ba bisa tsari ba. Wanda ya samu sayen gidan da yake ciki ya tsira a cikin gari. Wanda aka ɗauka aiki daga baya, ko aka rushe inda yake haya, sai ya nemi inda albashinsa zai iya biya.

Inda albashin ke iya biya kuwa yana nesa: Kubwa da Dutsen Alhaji da Bwari a arewa, Lugbe da Kuje da Gwagwalada ta hanyar filin jirgi, Zuba da Madalla da Suleja ta hanyar Kaduna, sai Nyanya da Karu da Jikwoyi da Mararaba da Masaka ta hanyar Keffi. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum miliyan 1.4 a Babban Birnin Tarayya, kuma wannan adadi bai haɗa da mazauna Mararaba da Suleja ba, domin su a lissafi 'yan jihohin Nasarawa da Neja ne, ko da yake da rana a ofisoshi da kasuwannin Abuja suke yini.

Hanyar Keffi da matsalar iyaka

A nan ne matsalar ta fi tsanani. Duk mai fitowa daga ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, kusan ƙofa ɗaya gare shi ta shiga birni, ita ce titin Abuja zuwa Keffi. Tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a idan hanya a buɗe take, da safiyar Litinin takan ci sa'a biyu. Saboda haka ma'aikacin da ake so ya sa hannu a rajista da ƙarfe 8 yakan bar gida da an sallame sallar Asuba, wani ma kafin nan, ya kuma dawo bayan Isha'i, yara sun yi barci. Titin Apo zuwa Karshi, wanda aka bayar da kwangilarsa tun 2011 domin rage wa wannan hanya nauyi, ya shafe sama da shekara goma ba a kammala shi ba.

Tsaro ma ya shiga cikin lissafin. Bam ɗin da ya tashi a tashar motar Nyanya da safiyar 14 ga Afrilun 2014 ya hallaka sama da mutum 70, galibinsu masu hanyar zuwa wurin neman abinci. Yawan waɗanda abin ya rutsa da su ya nuna irin dandazon da ke taruwa a wuri ɗaya kowace safiya ana jiran mota.

Cikakken tsarin layin dogon Abuja ya san da wannan hanya. An tsara shi kashi shida, jimillar kimanin kilomita 290, ciki har da layin da zai kai Nyanya da Karu, da waɗanda za su kai Kuje da Gwagwalada da Bwari da Suleja. Abin da aka gina bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wannan tsawo ba, kuma an fara ne da ɓangaren da ya fi sauƙin shimfiɗawa, inda fili yake a sarari, babu rusau mai yawa, babu tudun Kugbo. Ga kuma batun iyaka. Ikon ministan Abuja ya ƙare ne a tsakanin Nyanya da Mararaba, alhali cunkoson tun daga Masaka yake farowa. Layin da ya tsaya a Nyanya rabin aiki zai yi. Wanda zai kai Masaka ko Keffi kuwa sai gwamnatin tarayya da hukumar birnin da jihar Nasarawa sun zauna sun yanke wanda zai biya da wanda zai gudanar.

Su wane ne jirgin ya yi wa rana

Duk da haka, akwai waɗanda jirgin ya sauƙaƙa wa rayuwa. Mazauna Kubwa da Kagini da Dei-Dei da Gwagwa da gidajensu ke kusa da tasha sun samu hanyar shiga gari da babu cunkoso, babu gardama da kwandasta a kan canji, babu fargabar motar da ba a san direbanta ba. 'Yan kasuwar Dei-Dei, inda ake hada-hadar kayan gini da katako da dabbobi, da ma'aikatan masana'antun Idu, da masu aiki a filin jirgi, duk dogon ya biyo ta ƙofarsu. Lokacin da aka buɗe hawa kyauta, taragan safe da na yamma na wannan reshe sun riƙa cika, abin da ya tabbatar da cewa buƙatar tana nan.

Abubuwa uku ne ke taƙaita amfanin. Na farko, zagaye: mai fitowa daga Kubwa sai ya gangara Idu kafin ya juyo zuwa tsakiyar birni, alhali babban titin Kubwa mai layi goma ya miƙe kai tsaye. Na biyu, yawan tashin jirgi. Da aka dawo da jigilar a 2024, sawu ƙalilan ake yi a rana, galibi safe da yamma. Ma'aikacin da ya makara da minti biyar ya rasa jirgin ke nan. Hadimin minista ko na ɗan majalisa, wanda ba ya barin ofis sai maigidansa ya tashi, ba zai iya ɗora rayuwarsa a kan jadawali irin wannan ba. Jirgin birni yana samun amincewar jama'a ne idan mutum zai je tasha ba tare da duba agogo ba, yana da yaƙinin wani na tafe nan da ɗan lokaci.

Na uku shi ne ragowar tafiya bayan an sauka. Babbar tashar tana tsakiyar birni, amma tsakiyar Abuja an gina ta ne domin mota. Daga tashar zuwa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, ko Majalisar Dokoki, ko ofisoshin da ke Maitama da Garki da Mabushi, tafiya ce da ba kowa zai yi da ƙafa ba, balle a zafin watan Maris ko a tsakiyar damina. Idan sai mutum ya hau acaba daga gida zuwa tasha, sannan ya hau tasi daga babbar tasha zuwa ofis, kuɗin da jirgin ya rage masa ya zube a hanya.

Ainihin abin da ke ɗaukar Abuja

Saboda haka sufurin da birnin ya dogara da shi yana kan titi, kuma shi ma an yi ta yi masa gyaran fuska ba tare da cike gurbi ba. A 2006 aka hana 'yan acaba shiga tsakiyar birni, aka kawo manyan motocin da har yau jama'a ke kira bas ɗin El-Rufa'i. A 2013, zamanin minista Bala Mohammed, aka hana ƙananan bas-bas, waɗanda aka fi sani da araba, shiga cikin gari, da alkawarin manyan motoci za su maye gurbinsu. Kamfanin sufuri na hukumar birnin, AUMTCO, shi aka ɗora wa wannan nauyi, amma motocinsa sun yi ta lalacewa ana jingine su, waɗanda suka rage a kan hanya kuma ba su isa ba.

Gurbin da aka bari, kabu-kabu ne ya cike shi. Da yawa daga cikin masu wannan jigila su kansu ma'aikatan gwamnati ne, waɗanda ke ɗaukar fasinja a kan hanyarsu ta zuwa ofis domin su samu na mai. Wannan ya rufa wa mutane da dama asiri, amma ya buɗe ƙofa ga ɓarayin da aka fi sani da 'yan wan-cans, masu shiga rigar direba da fasinjoji su yi wa wanda ya hau fashi, su wurgar da shi a gefen hanya. Muddin hawa motar da ba ta da fenti ko lamba shi ne abin da kowa ke yi, ba a iya bambance ta ɓarawo da ta maƙwabci.

Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara dagula lissafin. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja cikin 'yan kwanaki, zuwa watan Oktoban 2024 kuma ta haura naira 1,000. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024. A ƙaddara, a matsayin misali, ƙaramin ma'aikaci na kashe naira 2,000 a rana zuwa da dawowa: a kwanakin aiki 22 ya kashe naira 44,000, kusan kashi biyu cikin uku na wancan albashi, kafin a zo maganar haya da abinci da kuɗin makaranta. Da irin wannan lissafi, ba abin mamaki ba ne a ga kujeru babu kowa a wasu ofisoshi a wasu ranakun mako.

A watan Yunin 2025 an ƙaddamar da sababbin tashoshin mota a Mabushi da Kugbo, da nufin fasinja ya riƙa hawa motar da aka san direbanta. Mataki ne mai ma'ana ta fuskar tsaro, amma amfanin tasha yana ga yawan motocin da ke tashi daga cikinta, da kuma ko hanyoyinsu sun haɗu da tashoshin jirgi.

Abin dubawa daga Legas

Legas ta bi wata hanya dabam. Layinta na farko mai amfani da lantarki, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumban 2023, kilomita 13 ne kacal daga Marina zuwa Mile 2, bai kai sulusin na Abuja ba, amma an shimfiɗa shi ne a kan hanyar da dama can take cike da mutane. Layi na biyu, mai kilomita 27, wanda ya fara jigila a watan Oktoban 2024, ya taso daga Oyingbo ya tuƙe a Agbado, wadda ke cikin jihar Ogun. Wato gwamnatin Legas ta bi ma'aikatanta har inda suke kwana, ko da ya zama ƙetaren iyakarta. Haka kuma hukuma ɗaya ce, LAMATA, ke tsara jirgin ƙasa da manyan bas-bas, kati ɗaya kuma ake biya da shi. Legas na da nata matsalolin, amma waɗannan abubuwa biyu, bin jama'a da haɗa sufuri a hannu ɗaya, su ne Abuja ta rasa.

Abin da ya rage a yi

Gina layin Nyanya da Mararaba aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa, a lokacin da ake kan biyan bashin kashin farko. Amma akwai abin da ba ya buƙatar sabon rance mai nauyi. Bas-bas da za su riƙa jiran kowane jirgi a babbar tasha su zagaya Sakatariya da Majalisa da Wuse da Garki za su mayar da tasha ɗaya ta zama ƙofar ofisoshi da dama. Irin su a Gbazango da Kagini za su jawo mazauna cikin Kubwa da Dutsen Alhaji. Ƙara yawan sawu, da tsawaita jigila zuwa dare, zai shigo da ma'aikatan asibiti da jami'an tsaro da hadimai, waɗanda aikinsu ba ya tashi da ƙarfe 4. A hanyar Keffi kuwa, ware layi ɗaya domin manyan bas-bas kaɗai a lokutan cunkoso zai sa mai hawa bas ya riga mai mota isa ofis, kuma wannan ne kaɗai ke sa mutum ya ajiye motarsa a gida. Filayen da ke kewaye da tashoshin Kukwaba da Wupa da Bassanjiwa ma dama ce: idan aka gina gidajen haya masu sauƙin kuɗi a wurin, jama'a za su tarar da dogon tun da shi bai tarar da su ba.

Masu karanta takardun waɗannan shawarwari, masu rubuta bayanan da ake kai wa ministoci, masu tsara kasafin kuɗin birnin da na Ma'aikatar Sufuri, da yawansu a Kubwa da Karu da Mararaba suke kwana. Sun fi kowane ɗan kwangila sanin inda ake tsayuwa jiran mota da ƙarfe 6 na safe. Idan aka zo zaɓen kashi na gaba na layin dogon, tambayar da ta kamata ta riga kowace zuwa teburin minista ita ce: mutum nawa ne ke kwana a inda za su iya takawa da ƙafa zuwa tashar?